Da kokon safe muka fara

Auta yana da shekara 3 da wata 2 lokacin da na zauna na ƙirga kalmomin da ke bakinsa. Guda 4 na samu. Yana ce min "Mma", yana ce wa babansa "Ba", ya iya "a'a" sarai, sai kuma wani "uu" da yake yi wa komai, ko ruwa yake so, ko ɗauka, ko wani abu ne ke masa ciwo. Yayyensa uku kuwa babu wanda ya cika shekara 2 bai ishi gidan da surutu ba.

Ba a ranar muka san yana da lalura ba. Tun yana jariri jikinsa laƙwas yake, ba ya kama nono da ƙarfi, harshensa kuma yana yawan leƙowa. Yana wata 5 likitan yara ya zaunar da mu ni da babansa, ya ce abin da yake da shi ana kiransa lalurar Dawun, sunan wani likitan Ingila ne da ya yi bayaninta a 1866. Ya zana mana a bayan katin asibiti: kowane ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado da ake kira kuromosom guda 46, biyu-biyu, amma irin su Auta suna da 47, saboda mai lamba 21 ya zo musu guda 3. Ya ce tun daga shigar ciki abin yake faruwa, babu abin da na ci ko na sha ko na tsallaka da ya jawo shi. Aka yi masa hoton zuciya, don kusan rabin masu wannan lalura ana haifarsu da matsalar zuciya. Tasa lafiya lau, alhamdulillahi.

A unguwa kuwa kowa da nasa fassarar. Wasu su ce galahanga, wasu a bayan idona su ce ɗan ruwa ne. Da maganar ta ƙi zuwa sai aka koma cewa linzami ne, a kai shi wajen wanzami a yanke. Babansa ya ce babu mai sa wa yaronsa aska a baki, kuma da likita ya duba ƙarƙashin harshen bai ga linzamin komai ba. Addu'a dai ba mu taɓa fasawa ba, har gobe.

Abin da ban gane ba a shekarun nan shi ne irin zaman da muka ba shi a gidan. Akwai tabarmarsa a rumfa, da matashi, da wayata a hannunsa tana ta waƙoƙin yara na Turanci. Idan ya yi "uu", mutum uku ne za su tashi. Wannan ta kawo ruwa, wancan ya kawo biskit, Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta leƙo daga ɗakinta tana cewa, "Me aka yi wa maigidan nawa?" Idan ya rarrafo ko ya tako wajen murhu, a ɗauke shi a mayar kan tabarma. Idan ya sa hannu a ruwan wanki, a ce zai yi mura. Duk cikin ƙauna muke yi, Allah ya sani. Amma gidan yana ta aikinsa, shi yana gefe yana kallo kamar baƙo.

Likitan yaran ne ya tura mu sashen kunne, hanci da maƙogwaro, ya ce kafin a yi zancen baki a fara duba kunne. Na yi musu a raina, don ko ledar alawa aka taɓa a ɗaki yana juyowa. Gwaji ya nuna ruwa ya taru a bayan dodon kunnensa, duka biyun. Mai gwajin ya ce wannan ya zama ruwan dare ga masu lalurarsa, saboda hanyoyin kunnensu ƙanana ne. Yana ji, amma kamar wanda ya tura kansa cikin randa ake masa magana daga waje: ƙarar tana isa, baƙaƙen ba sa rarrabuwa. Aka ce mu dawo bayan wata 3 a sake gwadawa, kafin nan kuma duk mai yi masa magana ya matso kusa, ya bari ya ga bakinsa. Daga nan aka haɗa mu da wata malama da ta karanci gyaran magana. Irinsu ba su da yawa, sai da muka yi wata 2 muna jiran layi.

Na tafi da tunanin za ta buɗe bakinsa ta yi masa wani abu, ko ta rubuta magani. Sai ta shimfiɗa tabarma ta zauna da shi a ƙasa, ta juyo gare ni ta ce, "Maman Auta, ba ni labarin wuninsa, tun daga asuba har ya kwanta." Na ba ta tiryan-tiryan. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To a duk wunin nan, a ina ne yake buƙatar ya yi magana?"

Na yi shiru. Babu.

Ta ce ita sau ɗaya a wata za ta riƙa ganinsa, na minti 40, ni kuwa ina tare da shi dare da rana, don haka aikin a hannuna yake. Ta ce kada in ware masa lokacin darasi, in jawo shi cikin abin da nake yi dama. In durƙusa fuskata ta yi daidai da tasa. In rage yawan magana, kalma ɗaya ko biyu, in yi ta maimaita su a kan abin da hannunsa ke taɓawa. Kuma idan na san abin da yake so, in riƙe shi inda zai gani, in dube shi, in ƙirga 10 a zuciyata kafin in ba shi. Ta ce irinsu suna fahimtar abin da ya fi wanda suke iya faɗa nesa ba kusa ba, sai dai saƙon yana ɗaukar lokaci kafin ya sauko daga kai zuwa baki, mu kuma ba ma jira.

Ban bi maganarta nan take ba. A ganina abin ya yi sauƙi da yawa, bai yi kama da magani ba. Na biya kasuwa na sayo takardar bango mai hotunan 'ya'yan itatuwa da sunayensu da Turanci, na manna a ɗaki, na riƙa zaunar da shi bayan la'asar ina nunawa ina cewa ya faɗa. Yawancin abubuwan da ke jikin takardar bai taɓa gani ba, bare ya ɗanɗana. Mako guda muka yi, kullum da kuka ake tashi, nasa da nawa. Ya kai ga da ya ga na nufi ɗakin sai ya kwanta a ƙasa ya juya baya. Na cire takardar.

Sai na duba wunina na ce me nake yi kullum ba fashi, wanda kuma shi yake so? Kokon safe.

Ga yadda muka tsara. Ruwan zafi yana can kan wuta, nesa da shi, babbar 'yata tana tsaye a wajen. Ni da shi muna zaune a ƙasa da roba a tsakaninmu. In ɗebo gasara in sa a robar in ce "koko". In ba shi ƙaramin kofi da ruwan sanyi, in kama hannunsa mu tuttula, in ce "zuba". In ba shi ludayi, mu juya tare, "dama, dama, dama". Sai a ɗauke robar a kai can a sheƙa tafasasshen ruwa yana hango tururi, in ɗaga hannu in yarfe in ce "zafi!" Idan ya huce na zuba masa a kofinsa, kaɗan nake zubawa, kurɓa uku ya ƙare. Ya miƙo kofi ya yi "uu". Nan ne wurin aikin. In ɗaga ludayin cike da koko, in dube shi, in ce "koko?", in rufe bakina in fara ƙirga.

Ban taɓa sanin 10 tana da nisa haka ba. Yaronka yana kallonka, yana kallon ludayi, leɓensa yana rawa, kai kuma ka san sarai abin da yake so. Idan na kai 10 bai ce komai ba, in ce "koko" in zuba masa, ba na hana shi, ba na sa shi dole. Malamar ta ja kunnena a kan wannan: jira ne kawai, kada ya zama horo da yunwa. Duk da haka Hajiya ba ta ji daɗin abin ba. Rana ta uku ta fito da carbinta ta ce, "Ke 'yar nan, wannan wace irin tarbiyya ce? Ki ba bawan Allah abinsa, kina ja masa rai da sassafe." Na ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, a asibiti aka ce a gwada." Ta ce asibiti ba su san zafin jika ba, ta koma ɗaki. Gasara kuwa kullum sai ta zube, rigarsa ta ɓaci, 'yan makaranta suna tsaye suna jiran karin kumallo. Aikin minti 10 ya koma na rabin awa. Sai na riƙa dama na gida daban da wuri, namu ni da shi daga baya.

Kwana 23 muka yi a haka. Na san adadin don ina rubutawa a wani tsohon littafin makarantar yayansa. A rana ta 24 na ɗaga ludayi, ina kan 7 a ƙirgata, ya ce "ko". A hankali ya faɗa, kamar mai tsoron kada ta fashe. Na zuba masa hannuna yana karkarwa, na ce, "E, koko! Koko!" Ya shanye ya miƙo ya sake cewa "ko", wannan karon da ƙarfi, yana dariya. Babbar 'yata ta ruga ta kira Hajiya. Ta zo ta tsaya a kanmu, ya sake faɗa a gabanta. Ba ta ce komai ba, ta goge ido da bakin mayafi. Sai bayan kusan wata guda "ko" ta cika ta zama "koko".

A zuwanmu na biyu malamar ta kawo maganar hannu. Ta ce mu haɗa kowace muhimmiyar kalma da alama. Nan babansa ya tsaya, ya ce shi tsoronsa kada yaro ya samu hanya mai sauƙi ya watsar da baki gaba ɗaya, a wayi gari ya zama bebe. Ta ce masa, "Alhaji, hannu yana riga baki nuna. Tsokar harshensu da leɓensu ba ta da ƙarfi, kuma abin da suka gani ya fi zama a kansu fiye da abin da suka ji. Kalma da an faɗe ta ta wuce, alama kuwa tana tsayawa ya kalle ta." Ta ce a Ingila akwai wani tsari da ake kira Makaton da aka daɗe ana amfani da shi ga irin waɗannan yara, kuma sharaɗin ɗaya ne, kada a taɓa yin alamar baki a rufe, a riƙa yi ana faɗin kalmar.

Ba mu je Ingila neman alamu ba. Kurame a Kano suna da maganar hannunsu tun kaka da kakanni, kuma a layinmu akwai wata baiwar Allah kurma mai yin kitso, wadda na yi shekaru ina zama a gabanta ba mu wuce murmushi da nuni ba. Na je mata da Auta. Da taimakon ƙanwarta na fahimtar da ita abin da nake nema. Ta nuna mana na ci, na sha, na wanka, na barci, na "ya ƙare", na akuya, na mota. Yadda ta riƙe hankalinsa ya ba ni mamaki. Ba ta fara komai sai ta taɓa kafaɗarsa ya dube ta, fuskarta kuma tana faɗin rabin zancen. Abin da malamar asibiti take ta koya min, ita a jininta yake. Cikin wata 2 Auta yana da alama 15, kukan da yake yi na rasa yadda zai faɗi abu ya ragu ƙwarai. Tsoron babansa kuma bai tabbata ba. Duk kalmar da ta zauna a bakinsa, da kansa yake sakin alamarta.

Daga koko muka bazu cikin sauran aikin gida. Wanka ya ba mu kai, ciki, ƙafa, soso, kumfa. Tsigar zogale ta ba mu "cire" da "saka". Gyaɗa da wake ban bari ya taɓa ba a lokacin, don komai baki yake kaiwa, ina tsoron shaƙewa. Wajen sa kaya na daina zaɓar masa, in ɗaga riga biyu in ce "ja ko fara?" in jira.

Shanya ce ta fi ba mu riba, ban kuma zata ba. Shi ke tsaye a bakin baho yana miƙo min kaya ɗaya-ɗaya, ni ina ratayawa a igiya. Kowanne ya ɗago sai in ce, "Na wa?" Ashe ya san kayan kowa a gidan, har safar da ni kaina nake rikitawa. Da fari nuna mai kayan yake yi da yatsa. Daga baya ya fara cewa "Ba", "Yaya", "Jiya", wato Hajiya. Malamar ta ce duk abin da ya faɗa in mayar masa da ƙarin kalma ɗaya tak. Ya ce "Ba", in ce "wandon Abba". Ya ce "Yaya", in ce "rigar Yaya". Da ya fara haɗawa da kansa, komai "na" yake sa masa: riga na Yaya, hula na Abba. Yayansa namiji ya riƙa yi masa dariya yana cewa ba haka ake faɗa ba, sai yaron ya rufe baki ya daina. Na tara su ukun na kafa doka: babu mai ce wa Auta "ba haka ba ne". Ka ce "e", sannan ka faɗa daidai. Ya ce "uwa" yana nufin ruwa, ka ce "e, ruwa", ka ba shi. Har yau "ra" da "ƙa" da "tsa" suna ba shi wahala, "ƙara" tana fitowa "aya", tsintsiya kuwa "ciya" ce. Amma karin sautin kalma, hawa da saukarta, yana kama shi daidai, shi ya sa mu 'yan gida muke gane shi ko baƙaƙen sun zube.

Muna da akuya biyu da 'yan kaji a bayan gida. Aka ba shi aikin kai musu dusa da yamma tare da yayansa. A can ya fara haɗa kalma biyu ba tare da kowa ya sa shi ba. Ya shigo da gudu, kwano a hannu, ya ja zanina ya ce, "Kuya ci." Labari ya kawo min. Ba abinci yake roƙo ba, ba ruwa ba, abin da ya gani yake so in sani. Yana da shekara 4 da wata 1 a lokacin.

Fita waje ita ce ta fi min nauyi, kuma a nan na gane cewa tabarmar rumfar nan ba don lafiyarsa kaɗai na shimfiɗa ta ba, har da gudun idon mutane. Malamar ta tambaye ni wa yake yi wa magana ban da 'yan gida, na ce babu. Sai na fara tafiya da shi wajen mai kayan miya na bakin layi, maimakon in aiki yara. Tafiyar minti 3 ce, mu mukan yi 15, don komai sai mun tsaya mun kira sunansa: mota, babur, kwata, kare. Ranar farko yara suka biyo mu suna kallo, wani ya kira shi da sunan da ba zan maimaita ba. Wata mata da nake ganin girmanta ta tare ni ta ce, "Ke kuwa me ya sa kike wahalar da shi a rana? Irin waɗannan ai a gida ake barinsu." Na dawo na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. Washegari na sake ɗaukar hannunsa muka fita, don na san idan na fasa ranar, na fasa ke nan.

Mai kayan miyan, Allah ya saka masa da alheri, dattijo ne mai haƙuri. Na yi masa bayani sau ɗaya ya gane. In ba Auta kuɗin, shi zai miƙa. Dattijon ya sunkuyo ya ce, "Malam Auta, me za a ba ka?" ya ɗaga tumatir a hannu ɗaya, albasa a ɗaya, ya jira, ko da mutane a tsaye. Da nuni aka fara, aka koma "mati", aka koma "mati da basa". Yaran layin da suka saba ganinsa kullum sai kallon ya ƙare, har suka fara rige-rigen gaishe shi don su ji ya amsa. Babansa ma ya fara tafiya da shi sallar magariba. "Amin" tana cikin kalmomin da suka fi fita tsaf a bakinsa, kuma ba a gida ya koye ta ba.

Hajiya kuwa, wadda ta fi kowa adawa, ita ta zama babbar malamarsa, ta hanyar da ni ban yi tunani ba. Gaisuwa. Kullum da safe sai ya je ƙofar ɗakinta ya durƙusa kamar sauran jikoki, abin da a da aka ɗauke masa. Ta ce, "Maigida, ina kwana?" ta yi shiru tana jan carbi, ba ta gaggawa, tsufa ya riga ya koya mata jira. Ya ce "lau". "Ina gajiya?" "Babu." "Ya Ummanka?" "Lau." Na lura gaisuwarmu ta Hausa kamar don irinsa aka yi ta: tambaya ɗaya ce kullum, amsa ɗaya ce kullum, kai ka faɗa ni in faɗa. A nan ya koyi cewa zance karɓa-karɓa ne. Da dare kuma ta tara su tatsuniya. Ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", ta hana sauran amsawa da ido, sai shi ya ce "ji ta", sannan su ɗauka gaba ɗaya. Tatsuniya ɗaya ta Gizo da Ƙoƙi ta yi ta maimaita masa wajen wata guda, tana tsayawa a tsakiya ya cika mata. Yayyen suka gaji da ita, shi bai gaji ba.

Ba a miƙe tafiyar ta kasance ba. Da hunturu ya shigo mura ta kama shi ta ƙi saki, sai na ga kalmomi suna zubewa. Yaron da ke cewa "ba ni uwa" ya koma "uu". In kira shi daga baya ba ya juyowa. Kusan mako 6 muna haka, na riƙa buɗe littafin nan ina duba abin da na rubuta da hannuna don in tabbatar wa kaina ba mafarki na yi ba. Muka koma sashen kunne, ashe ruwan ne ya dawo. A wannan tsakanin alamun hannu ne suka riƙe mu, ya koma kansu gaba ɗaya. Da kunnen ya washe kalmomin suka dawo, har da waɗanda ban san ya adana ba. Tun daga nan duk wata 6 muke kai shi gwajin ji, ko da lafiyarsa ƙalau.

Akwai kuma gajiya, wadda ba a cika faɗa ba. Komai da shi ninki biyu yake ci na lokaci. Akwai ranakun da baƙi ke hanya, ko kaina ke ciwo, in miƙa masa wayar in yi aikina ni kaɗai cikin sauri. Na faɗa wa malamar ina jin nauyin hakan, ta ce aiki 3 a rana da aka yi da natsuwa sun wadatar, ba a ce kowane motsi ya zama karatu ba. Na kuma lura na jibga wa babbar 'yata ɗawainiyarsa fiye da ƙima, yarinya mai shirin jarrabawa. Sai muka raba: koko da shanya nawa, dabbobi na yayansa, masallaci na babansa, gaisuwa da tatsuniya na Hajiya, ita kuma wanka kawai, shi ma ranar da ba makaranta.

Maganar makaranta tana nan tana mana ciwo. Wata makarantar kuɗi da muka kai shi, shugabar ta dube shi ta ce ba su da malamin irinsu, ko gwada shi ba a yi ba. Babansa ya tuna mata cewa tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar da ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Najeriya, ta ce ta sani, amma iyayen sauran yara za su yi magana. Muka fito. Malamin Islamiyyar unguwa ne ya karɓe shi, ya zaunar da shi a gaba kusa da shi inda zai ga bakinsa. Karatun baki ɗaya da ake yi da rauji ya dace da shi, yana kama ƙarshen kowace aya. A bara, ranar 21 ga Maris, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa masu wannan lalura, wata na 3 rana ta 21 saboda kuromosom ɗin nan, na ji wata uwa a rediyo tana ba da labarin ɗanta da shi ma aka mayar daga ƙofar makaranta. Har yanzu muna nema.

Yanzu shekararsa 5 da rabi. Na daina rubutu a littafin da muka wuce kalma 200, don ba na iya bin sawunsu. Yana haɗa uku, wani lokaci huɗu. Baƙo ba ya gane duk abin da ya faɗa, sai mun fassara wani, kuma idan ya gaji ko ransa ya ɓaci hannu yake komawa.

Makon jiya na sauke tuwon dare, yayyensa duk ba sa kusa, babansu yana zaure da baƙo. Ban taɓa aiken Auta da baki ba, sai dai in ba shi abu ya kai. Na durƙusa na ce, "Je ka ce wa Abba, tuwo ya yi." Na maimaita sau biyu. Ya tafi, ni kuma na laɓe a bayan ƙofar tsakar gida ina saurare. Na ji ya yi sallama irin tasa, baƙon ya amsa. Shiru ya ɗan yi tsawo, babansa bai katse shi ba. Sai na ji, "Abba, uwo yi." Babansa ya ce, "To, madalla. Ka ce wa Umma a kawo na mutum biyu."

Na koma bakin murhu da sauri kafin ya iso. Ya shigo ya tsaya a gabana yana haki, ya ɗaga yatsu biyu, ya ce, "Mma, kawo biyu."

Na ɗauko kwano biyu, na ba shi murafen ya riƙe, muka nufi zaure.